Ki Ajiye Foldar

Inkil, Bauchi
Farkon watan Yuni

Hamma Badruddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan aikin jirgi bai taɓa maka lafiya ba. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka, Baffa Hammajoda ya shuka masara a bayan gida, saniyar nan mai karyayyen ƙaho ta haihu. Goggo Habibatu tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka wai har yanzu kifi ne abincinka safe da yamma?

To, na gama da masu daɗin. Hamma, idon Dada ne. Na ɓoye maka a saƙon da ya wuce don na ɗauka yanar ido ce irin wadda ake kankarewa. Ba ita ba ce. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya riga ya tafi ba ya dawowa. Na hagu ya mutu gaba ɗaya. Na dama saura tsakiyarsa, tana gani kamar mai leƙe ta bakin kwalba. Ya ba mu maganin ɗigawa, ya ce jinkirtawa kawai yake yi. Na tambaye shi zuwa yaushe, ya ce Allah ne masani, amma in akwai abin da take son gani, kada mu tsaya jiran gobe.

Ka san uwarka, ko ƙwalla ba ta yi ba. Muna cikin keke muna dawowa, mun kai wajen Wunti, sai ta ce, "Jannatu, ƙorena nake so in sake gani." Wallahi Hamma sai da na juya fuska waje. Ƙore kuma na ina? Tun da katangar ɗakinta ta faɗi a daminar bara suka farfashe, ba abin da ya tsira sai ludayi biyu marasa zane. Aikin da ta yi tun tana budurwa a ruga, wuƙa a cikin garwashi, layi bayan layi, duk ya zama ɓaraguzai Goggo ta kwashe da tsintsiya.

Sai na tuna hotunan da ka ɗauka lokacin da ka zo Sallah, da ka ce kana bin zanen ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta in ka tashi daga aikin taswirarku. Na gaya mata, ta ce, "Ashe ɗan nan yana da amfani." Ka ji yabonka.

Ga abin da na fara. Ina zama da ita da yamma tana faɗa ina rubutawa. Ashe kowane zane da sunansa, mu muna shan fura a ciki ba mu taɓa tambaya ba. Akwai sawun maraƙi, shi ta yi shekarar da ta haife ka. Akwai hanyar rafi, wanda ta koya wurin kakarmu kafin a zauna a gari. Akwai wani wai shi fushin Baba, ta ƙi gaya mini dalilinsa, dariya kawai take yi. Na shigar da labaran duka cikin manhajar tsara shafi da muke haɗa mujallar makarantarmu da ita a Yelwa, kowane zane da shafinsa, a babbar takarda. Likita ya ce baƙi a kan fari, manya, layi tas, shi ne abin da za ta iya kamawa.

Matsalar ita ce ƙananan hotunan da ka taɓa turo mini a waya. Da na ja su don su cika shafi sai suka farfashe suka zama murabba'i-murabba'i, ko ni mai ido biyu ban gane sawun maraƙi ba. Don Allah ka turo mini na ƙwarai, kuma ka gaya mini yadda zan sa su ba tare da sun lalace ba. Ka yi bayani irin na mutane, ba irin naka da sai an nemo tafinta ba. Kuma ka yi sauri.

Ƙanwarka,
Jannatu

*

Daga cikin jirgi, gaɓar tekun Angola
Watan Yuni

Jannatu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta saƙonki abinci ya ƙi shiga. Ki gaida Baffa da Goggo, ki ce mata kifin ma ya gundure ni. Dada kuwa ki riƙe mata hannu ki ce ni ne.

Na je wurin shugaban aiki na nemi izinin zuwa gida. Ya ce ba wanda zai riƙe zanen taswira in na tafi, kuma gobe jirgi zai tashi zuwa ruwa mai zurfi, ba mai sauka sai an gama zangon. Na yi magiya har na ji kunyar kaina. Ba abin da ya sauya. Saboda haka abin da zan iya yi mata daga nan shi ne wannan, ki bi shi a hankali.

Na turo miki folda, zanen duka suna ciki, kowanne da lamba. Hotunan da kika gwada ɗigo-ɗigo ne aka jera, in kin ja su ɗigon ne ke kumbura, shi ya sa suka farfashe. Waɗannan kuwa bekta muke ce musu. Kwamfuta ba ɗigo ta riƙe ba, hanyar layin ta riƙe: inda ya tashi, inda ya lanƙwasa, inda ya tsaya. Ko girman katangar gida kika ja shi, bakinsa na nan da kaifi. Na bi hannun Dada yadda yake, har inda wuƙar ta ɗan goce ban miƙe shi ba, don na san za ta nemi wurin.

Kada ki buɗe zane ki ɗauki hoton allo. Kada ki kwafa ki manna. In kika yi ɗaya daga ciki kin mayar da shi ɗigo, wahalata ta tashi a banza. Ki shiga manhajar, ki zaɓi umarnin sanya fayil a shafi, ki nuna mata zanen a cikin foldar, sai ki ja shi ya cika wurinsa. In kin ga ya ɗan yi dishi-dishi a allo kada gabanki ya faɗi, haka take nunawa don kada kwamfuta ta yi nauyi, a takarda zai fito tas. In kin gama sa su, ki ajiye foldar, kada ki yi wasa da ita. Daga nan ki fitar da littafin a PDF, ki zaɓi na buga ɗab'i, ba na turawa a waya ba. Shi kaɗai za ki kai wa mai bugawa. Ki je wurin Istifanus a Wunti, wanda ya buga katin auren ɗan Baffa, injinsa na fitar da baƙi sosai.

Kin ga, ba tafinta. Ke da kike koya wa yara lissafi wannan ba zai gagare ki ba.

Abin da ke damuna shi ne daga gobe ba za ki same ni ba. A can ciki layin sadarwa na aikin kamfani ne kawai, saƙonmu na gida sai mun dawo kusa da tudu yake shigowa. Ki riƙa rubutowa duk da haka, zan same su a jere. Ina so in dawo in tarar da hoton Dada riƙe da littafin nan, ko da tana harararsa ne.

Yayanki,
Badruddeen

*

Inkil
Ƙarshen Yuni

Hamma,

Salamu alaikum, ko da yake na san kana can inda sallama ba ta kaiwa. Kowa lafiya. Dada na ɗiga maganinta, sai dai kullum sai mun yi faɗa, wai yana mata yaji kamar barkono.

Na gama! Kai, Hamma, ashe haka ka iya? Da na buɗe hanyar rafi na ja shi ya cika allo sai na matso da fuskata kusa. Hannunta ne sak. Na sa su duka yadda ka ce, ban kwafa ba, ban manna ba, ban ɗauki hoton allo ba. Sun yi dishi-dishin da ka faɗa a cikin shafi, ban damu ba tunda ka riga ka gargaɗe ni.

Foldar ma na ajiye ta, ajiya ta gaske. Ka san kwamfutar nan ta makaranta ce, malamai kowa sa hannu yake yi, ranar nan wani ya goge mini jarrabawar aji biyar. Sai na kwashe foldar gaba ɗaya daga kanta na zuba a filashi, na ƙulle a ƙyalle, na sa a ƙasan akwatin Dada tare da 'yan kunnenta na azurfa. Ko ɓarawo ya shigo sai ya sha wahala.

Bayan nan na fitar da PDF ɗin. Wani gargaɗi ya fito da jar alama, irin surutun da kwamfuta ba ta rabuwa da shi, ga an ɗauke wuta batir na numfashin ƙarshe, na danna na wuce. Ya fita lafiya lau. Gobe in Allah ya kai mu zan kai wa Istifanus. Dada ta sa an wanke mata farin mayafinta, wai ba za ta karɓi baƙi da datti ba. Ƙoren ne baƙin, ka ji.

Jannatu

*

Inkil
Watan Yuli

Hamma Badruddeen,

Assalamu alaikum. Muna nan dai. Masara ta kai gwiwa, kowa lafiya, ban da ni da zuciyata ke tafasa.

Me ka turo mini?

Na kai wa Istifanus, ya ce in dawo da la'asar. Na dawo na tarar an ɗinke, an sa bango, an naɗe a leda. Na buɗe shi nan take a bakin shagon. Rubutun labaran ya fito tas, baƙi ƙirin. Zanen kuwa kamar an zuba musu ruwa an goge da tsumma. Layin da ya kamata ya zama siriri ya baje, toka-toka, bakinsa kamar haƙoran zarto. Na ɗaga murya a kan bawan Allah a gaban mutane, na ce injinsa ne. Bai yi fushi ba. Ya buɗe PDF ɗin a kwamfutarsa ya ƙara girma ya nuna mini, ga murabba'in nan irin na farko. Ya ce, "Malama, abin da ke ciki shi na buga. Hotunan da aka ba ki ba su da nauyi, ki ce wa mai su ya turo manya." Na ce bekta ne. Ya ce shi dai ba bekta yake gani ba, kuma manhajar da na yi aiki da ita ba irin tasa ba ce, ba zai yi mini ƙarya ba. Na ba shi haƙuri na fito.

Na yi niyyar ɓoye littafin a ɗakin Goggo. Ina! Dada na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki da farin mayafinta, tun daga zaure ta ji ƙarar ledar. Ta miƙo hannu. Yaya zan yi?

Ta buɗe. Ta kawo shi daf da fuska, ta nisanta shi, ta juya wajen haske, ta karkata kai don ta kama shi da tsakiyar idon. Ta daɗe a haka. Sai ta rufe ta ɗora a cinya, ta ce a hankali, "Shi ke nan, ɓingel am, 'yata. Idon ya tafi. Ban ga komai ba sai hayaƙi."

Hamma, ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce wallahi tallahi Dada ba idonki ba ne, bugun ne ya lalace, ni ma hayaƙin nake gani. Ta ce in daina lallashinta, ita ba yarinya ba ce. Na ƙwala wa Goggo kira ta zo da muciya a hannu, ta duba ta ce, "Wannan kuma wane irin kwaɓa ne? Ai ko ni ban ga ƙwarya a nan ba." Na nuna wa Dada manyan haruffan da ke ƙasa, ta ce tana ganin baƙinsu sarai. Sai kawai ta fashe da dariya, har da tafa hannu. Ta ce, "Ashe aikinku ne ya lalace! Masu boko, kun tsorata ni a banza." Ranar ta ci tuwo har da neman ƙari, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba.

Ita ta yi dariya, ni na shiga bayan gida na yi kuka. Na yi mata alkawari za a gyara. Ka duba abin da ka turo, ƙila ka haɗo mini ƙananan ne cikin gaggawar tafiya. Ka sake turowa da zarar ka ga wannan.

Jannatu

*

Inkil
Watan Agusta

Hamma,

Gaisuwa. Ba ni da ƙarfin jera maka lafiyar shanu yau.

Dada ta kwana asibiti. Ciwon kai ya sauko mata ta gefen idon dama, har da amai, tana cewa fitila ta yi zobe-zobe. Sun sauke mata abin da allura da magani, amma likita ya kira ni gefe ya ce ciwon ya ci wani yanki na ganin da ya rage mata. Yanzu sai na tsaya a gabanta daidai take gane fuskata, in na matsa kaɗan na ɓace mata. Jiya ta zuba nono a ƙasa tana tsammanin kwano na wurin. Dada fa, wadda ke tatsa da asuba ba fitila.

Ba ta tambayi likita komai ba. Ni take tambaya, "Ɗan'uwanki ya gyara?"

Na sake fitar da PDF ɗin ya fi a ƙirga, kullum abu ɗaya. A gefen manhajar akwai jerin sunayen zanenka, kowanne da jar alamar tambaya a kusa da shi. Ni ma tambayar nake yi! Na nuna wa malamin kwamfuta na makarantarmu, ya danna nan ya danna can, ya ce shi ma yana ganin hotunan ne ba su da kyau tun asali. Na sayi baƙin alƙalami mai kaurin baki na kwana biyu ina bin layukan da hannu a kan bugun da ya lalace. Na kai wa Dada sawun maraƙi, ta kalla ta ce, "Wannan sawun jaki ne." Hannuna ba nata ba ne, kuma ba naka ba ne.

Kai kana can kana auna ƙasan teku, wa ya aike ka? Ka cika ni da kada ki yi kaza, kada ki yi kaza, ka tafi ka bar ni da abin da ba ya aiki. Na san ba ka ganin saƙon nan, shi ya ƙara ba ni haushi. Ina rubutu kamar mai magana da rijiya. Kowace safiya sai na duba idonta kafin in gaishe ta, ina jin tsoro, Hamma, tsoro nake ji ƙwarai.

Jannatu

*

Tashar jiragen ruwa, Luwanda
Watan Oktoba

Jannatu,

Wa alaikumus salam. Mun iso tudu yau da hantsi, zangon ya ja fiye da yadda aka ce saboda injin jirgi ya ba da matsala. Lafiyata lau, kuma ban ga amfaninta ba.

Saƙonninki suka shigo a tare, na karanta su a tsaye. Ina kaiwa inda kika ce kin sa filashi a akwatin Dada na zauna a ƙasa, a kan ƙarfen jirgi, mutane na wucewa suna kallona. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jannatu, zanen lafiyarsu ƙalau. Suna cikin akwatin, a ɗakin da take kwana.

Abin da kike gani a shafi ba zanen ba ne, inuwarsa ce kawai. Manhajar ba ta haɗiye fayil, ɗaure shi take yi daga inda yake, kamar maraƙi a dangwali. Lokacin fitar da PDF sai ta bi igiyar ta je folda ta ɗauko na ainihi. Da kika kwashe foldar daga kwamfutar ta bi igiya ta tarar ba kowa, sai ta buga inuwar. Gargaɗin da kika danna kika wuce abin da yake gaya miki ke nan. Jar alamar tambayar ma cewa take yi, ina fayil ɗin?

Ni ce miki na yi ki ajiye foldar, wato ki bar ta inda take, kada ki goge, kada ki motsa. Ban ce ki kai ta akwati ba! Ya za a yi ki ga jan gargaɗi a kan aikin nan ki wuce ba ki karanta ba? Ba zan ƙara ba.

Ki tashi yanzu. Ki ɗauko filashin, ki mayar da foldar inda take a da, da sunanta yadda yake. Ki buɗe littafin. In alamar ba ta ɓace da kanta ba, ki danna ta ki nuna mata zanen farko, sauran za su biyo. Kada ki fitar da komai sai kin ga babu ja ko ɗaya. In PDF ya fita ki ƙara masa girma har iyaka, in bakin layi bai farfashe ba to ya yi. Aikin bai kai tsawon dahuwar shayi ba, shi ne abin da ke ci mini rai.

Na gwada kiran wayarki ta ƙi shiga. Muna nan bakin tudu na ɗan lokaci, ki rubuto mini a yau. Yaya idon? Ki gaya mini gaskiya.

Badruddeen

*

Inkil
Watan Oktoba

Hamma Badruddeen,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da ka sauka lafiya. Baffa ya cire masara, Goggo na fama da ƙafa, suna gaishe ka.

Ajiye ka ce. A gidan nan in aka ce a ajiye abu mai daraja, ina ake kai shi? Kai ma a akwatin nan aka ajiye maka takardar haihuwarka. Da ka ce ki bar ta inda take, da ko ƙuda ban bari ya sauka a kanta ba. Kuma kai ka ce in na ga dishi-dishi kada in damu. Gargaɗin kuwa ni na danna, ban karanta ba, wannan nawa ne. Mu bar shi haka, Hamma. Ba ni da sauran ƙarfin faɗa, kuma ko wa ya ci faɗan ba abin da zai karɓa.

Na buɗe akwatin, Dada tana zaune a bakin gado. Ta ji ƙarar marfin ta ce me nake nema, na ce allura. Na yi yadda ka ce, jajayen suka ɓace gaba ɗaya kamar ba su taɓa zama ba. Na hau keke zuwa Wunti. Istifanus na ganin fuskata ya cire aikin da ke kan inji ya sa nawa. Hamma, da ka ga yadda suka fito. Baƙi wuluk a kan fari fat, kowane layi kamar yanzu aka ɗaga wuƙar. Har inda hannunta ya goce a fushin Baba yana nan. Goggo ta gani ta kama baki, ta ce saura kawai a zuba fura.

Na kai wa Dada da rana tsaka, na fito da ita tsakar gida inda haske ya fi yawa. Na buɗe mata hanyar rafi na ɗora a cinyarta. Ta sunkuya. Ta kawo shi kusa, ta nisanta, ta karkata kai yadda ta saba. Idonta ba a kan zanen yake ba, Hamma, yana can gefen takardar. Na gyara mata shafin ya zo daidai fuskarta. Ta sa yatsa tana shafawa, tana neman ramin layi irin na jikin ƙwarya, takarda kuwa sumul take.

Ka ce in gaya maka gaskiya. Tun makon jiya ba ta bambance komai sai inda rana take. Na sani, na ƙi yarda ne, na ce ƙila baƙi a kan fari zai ratsa.

Ta ɗago ta ce, "Jannatu, har yanzu ba su gyara ba ko? Wannan ma ya fi na farko lalacewa."

Goggo ta buɗe baki, na danne mata hannu. Na ce, "E, Dada, ba su gyara ba." Ta yi tsaki ta ce ta san za a yi haka, wai kai tun kana yaro gaggawa ce ke ɓata maka aiki. Ta rufe littafin ta miƙo mini, ba inda nake ba, na zagaya na karɓa. Ta ce, "Ki gaya masa ya bi a hankali. Idona na nan, ina jira."

Ban san ko ta sani ba. Wani lokaci ina ganin ta sani sarai, mu take rufa wa asiri. Ba zan tambaye ta ba, kuma na hana kowa a gidan nan faɗa mata. Littafin na ɗakina, ban iya buɗe shi.

Wayata ta gyaru, ka kira gobe bayan azahar, lokacin tana zaune. Za ta yi maka faɗa a kan aikin, ka yi shiru ka karɓa. Kada ka yi kuka a wayar, kunnenta ya ƙara kaifi. In ta tambaye ka yaushe za ka gama, ka ce mata kana kan gyarawa.

Ƙanwarka,
Jannatu